Litinin ɗin Bayan Layya

Duk wanda ya yi karatu a sashen noma na jami'a a Tawa cikin shekarun nan ya san Tanti Hajaratu, ko da kuwa bai taɓa riƙe sunan shugaban jami'ar ba. Ofishinta ne na ƙarshen baranda, mai fankar nan da ta fi yin ƙara a kan ba da iska. Ita ce sakatariyar sashe. A takarda aikinta buga wasiƙu ne da adana fayil, amma a zahiri lokacin kowa a hannunta yake. Malami bai san ranar shigarsa aji ba sai ta tsara, ɗalibi kuma ba ya ɗaura jakar tafiya gida sai ya duba abin da ta sa.

Ƴar Afala ce. Mahaifinta manomin gero ne mai ƴan awaki, kuma ba son boko ya sa ya kai ta lakwal, wato makaranta, ba. An zo ne ana neman yaro daga kowane gida, ya duba ƴaƴansa ya ga ita ce ba ta isa ɗaukar tulu ba tukuna, ya ce a tafi da ita. Sai ga shi kan yarinya ya ɗauka. Da ta ci jarrabawar shiga kwaleji aka kawo ta Tawa, aka sauke ta gidan wani abokin kawunta. Mutanen kirki ne, ba su taɓa yi mata gorin tuwo ba. Amma a gidan ta fara sanin yadda Salla take ga wanda iyayensa ke nesa, kowa ya sa sabon kaya ya nufi gidan kakarsa, kai kana bakin ƙofa kana yi wa dangin wasu barka. Ba ta cika ba da wannan labari ba. In ma ta taɓo shi, wasa take mayar da shi, ta ce ita ta fi kowa ƙiba a shekarun, don duk wanda ya ji tausayinta nama yake tura mata.

Karatun bai yi nisan da ta so ba. Ta koyi buga injin rubutu, ta yi shekaru a wani ofishin gwamnati, ta auri Alƙasum mai gyaran famfo, suka haifi ƴaƴa, ƴaƴan suka girma. Da aka nemi sakatarori a jami'a aka maido ta nan. A lokacin da hannu take zana jadawalin darasi a babbar takarda, da rula da biro mai launi biyu, ta liƙa a bango. Malami ɗaya ya ce ranar Talata ba ta yi masa ba, shi ke nan, a sake zane daga farko. Sa'ad da aka kawo kalandar kwamfuta, wadda kowane ɗalibi zai riƙa gani a wayarsa, Hajaratu na cikin waɗanda suka rantse ba za su taɓa ta ba. Zangon karatu bai ƙare ba sai ga ta tana koya wa daktoci inda ake dannawa, tana yi musu faɗa kamar ƴan ajin farko.

Tana da yadda take kiran aikin. A farkon zango sai ta ce za ta yi shuka: ta shigar da darasi sau ɗaya, da ɗakinsa da malaminsa, ta ce wa na'ura a maimaita shi kowane mako har zuwa jarrabawa. Nan take kalanda ta cika maƙil. Na'ura ba ta san Salla ba, ba ta san ranar ma'aikata ba, ita dai an ce mata kowace Litinin, to kowace Litinin. Daga nan sai Hajaratu ta gyara tabarau ta ce yanzu kuma sai noma. Ta bi mako-mako tana cire ranakun hutu ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta zo cirewa na'ura sai ta tambaye ta, wannan kaɗai, ko shi da na gabansa, ko duka? Kullum sai ta amsa da baki kafin ta danna, “Wanga kaɗai, uwar tambaya.”

Hutu iri uku ne a wurinta. Akwai mai tsayayyar rana, kamar ranar jamhuriya da sabuwar shekara, waɗannan ba sa ba ta wahala. Akwai na wata, Salla ƙarama da Layya da Mauludi, waɗanda ba wanda zai ce ga ranarsu sai an ga jinjirin wata hukuma ta yi sanarwa. Su sai ta shafa wa ranaku biyun da ake zato launi mai haske, ta jira rediyo. Na ukun kuwa babu shi a takardar kowace gwamnati. Shi ne ranar karatu ta farko bayan Layya.

Mutumin birni ba zai gane wannan da sauri ba. A nan ƙasar ranar Layya ba a cin rago. Yanka shi ake yi, a feɗe, a banƙare a jikin sanduna, a jera kewaye da wuta ya wuni yana gasuwa, sai washegari a sauke a yi rabo. Gwamnati ta san da haka, tana ba da ranakun biyu. Abin da takardar hutu ba ta lissafa ba shi ne hanya. Ɗalibin da gidansu ke wata tunga bayan Takanamat ko Tebaram ba shi da motar da ke tashi kullum. Motar kasuwa ce, ita kuma direbanta shi ma ɗan wani gida ne, yana can yana rabon nasa naman. Saboda haka kowace shekara Hajaratu ke cire wannan rana da hannunta. Tsohon shugaban sashe, mutumin ƙauye ne shi ma, bai taɓa tambayarta dalili ba, ita kuma ba ta taɓa neman izininsa ba. A haka aka saba har ya yi ritaya. Ɗalibai suka yarda da kalandarta fiye da bakin malamansu. In Tanti ta sa, akwai karatu. In ta cire, babu.

A shekarar da abin ya faru, sashen ya samu sabon shugaba, Dokta Attaher. Matashi ne mai kaifin kai, haifaffen cikin garin Tawa, kuma ba mugu ba ne ko kaɗan, sai dai mutum ne da ba ya son ya ga lokaci na zubewa. Ya tarar da shekarar karatu ta ja baya, ya ɗaura aniyar sai an gama jarrabawa kafin damina ta kankama. Shi ne kuma ke koyar da ƴan aji biyu darasin gwajin ƙasar noma, wanda suke kira tepe, kowace Litinin da safe a ɗakin gwaje-gwaje. Dokar wannan darasi a bayyane take: wanda ya rasa zama uku ba tare da takardar uzuri ba, ba zai zauna jarrabawa ba, wanda bai ci darasin ba kuma ba ya wucewa ajin ƙarshe.

Cikin ƴan ajin akwai Raƙiya, doguwar yarinya mai sanyin magana daga wata tunga bayan Tebaram. Ta riga ta rasa zama biyu. Mahaifiyarta ce ta kwanta asibiti a Tawa, da aka sallame ta Raƙiya ta raka ta gida, mota ta ƙi samuwa, Litinin biyu suka wuce ta a can. Asibiti ya ba da takardar kwanciyar uwar, amma wa zai ba ka takardar rashin mota? Saura zama ɗaya tsakaninta da asarar shekara, kuma Hajaratu ta san da haka sarai.

Aka ga wata, aka ce Layya ranar Asabar. Ranar Talata da hantsi Raƙiya ta yi sallama a ƙofar ofis, ta rusuna.

“Tanti, ina kwana? Na zo tambaya ne. Gobe motar Baƙo za ta tashi zuwa wajenmu, ba ya komowa sai wata Laraba. Na ga hal yanzu tepe na nan ran Litinin. In akwai shi, sai in zamna, ba ni tahiya.”

“Ki zamna ki yi mi? Ki yi gadin bango?” in ji Hajaratu. “Ya jikin innarki?”

“Da sauƙi. Ita ta aiko a ce tana son ganina wagga Salla.”

“To matso ki gani da idonki.”

Ta juya mata fuskar kwamfuta, ta nemo Litinin ɗin, ta danna. Na'ura ta yi tambayarta ta kullum, ta ba ta amsarta ta kullum. Gurbin ya zama fari. Wayar Raƙiya ta yi ƙara a cikin jaka, ta ciro ta duba, fuskarta ta washe.

“Tahi gida, ɗiyata. Ki gaishe ta, ki ce ina yi mata sannu.”

Dokta Attaher yana Yamai wurin taro a makon. Ko a ran Hajaratu bai zo ba cewa akwai wanda za a kira a tambaya. Abin da hannu ya saba shekara da shekaru, mutum yakan manta cewa wani ne ya ƙyale shi yana yi.

Ranar Juma'a, jajibirin Salla, jami'a ta yi tsit, sai kukan ragunan masu gadi da aka ɗaure a gindin dogon yaro. Hajaratu na rufe fayiloli sai ga Dokta ya shigo, ƙurar hanya ba ta ma bar takalminsa ba, waya a hannu.

“Madam Hajaratu, wa yac cire tepe na Litinin?”

“Ni ce, Dokta. Kowace shekara haka muka saba. Yaran arewa ba su samun mota.”

Bai ɗaga murya ba. Ya jawo kujera ya zauna, ya yi mata bayani dalla-dalla. Ɗakin gwaje-gwaje ba nasu ba ne su kaɗai, bayan wannan Litinin wani sashe zai karɓe shi. Zaman da ya rage shi ne na ƙarshe, in ba a yi shi ba majalisar tsangaya ba za ta yarda a yi jarrabawar darasin ba. In jarrabawa ta gusa, za ta faɗa tsakiyar noma, lokacin da waɗannan yaran arewa da take tausayi ake bukatarsu a gona. Hajaratu ta saurara, ta nemi inda za ta kama shi da rashin gaskiya, ba ta samu ba. Wannan ya fi komai ba ta haushi.

“Amma sun riga sun tahi, Dokta. Kuma akwai Raƙiya. In ta rasa wanga, ta rasa shekara.”

“Ki maida shi yanzu, kowa shi gani cikin wayarshi. Ai amfanin abin ke nan. Ita kuma a kira ta. Akwai kwana biyu a gaba.”

Ta mayar. Gurbin ya sake cika, na'ura ta rubuto a ƙasa cewa an aika wa kowa sanarwa. Hajaratu ta zuba wa rubutun ido, ranta ya ɓaci. Ita ta san inda waya ke mutuwa a wannan hanya. Da an wuce wani tudu bayan Tebaram, babu rezo, waya ba ta kamawa, sai in mutum ya hau jigawa ya ɗaga hannu sama, shi ma sai an yi sa'a. Wayar da ke can ba ta san an canza komai ba. Abin da ta gani na ƙarshe kafin ta bar gari, shi za ta ci gaba da nunawa.

Ta kira lambar Raƙiya, muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samunta. Ta sake, ta sake, har ta fara jin haushin matar. Ta aika saƙo, ya tsaya bai tafi ba. Bayan an sauko daga masallaci ta hau ɗan kabu-kabu zuwa tasha neman Baƙo direba, aka ce ai tun Laraba ya kwana ƙauye da motarsa, kuma ko Lahadin nan ba zai shigo ba, wa zai ci kasuwa ranar rabon nama? Ta zaga ko za ta ga wani ɗan wajen da ya makara. Duk wanda zai tafi ya tafi.

Daga tasha ta wuce gidan rediyon da ƙauyukan arewa ke kamawa. Mai karɓar sanarwa ya dube ta ta saman tabarau, don bai taɓa karɓar irin wannan ba. Shi ya saba da rasuwa da suna da cigiyar dabba. Ta rubuta da hannunta, ta ce a karanta da Hausa da Buzanci, a maimaita har Lahadi. Da la'asar tana tsakar gida tana gyaran albasa ta ji an karanto: bayan cigiyar wata karsana ja mai tsage a kunne, sai aka ce ana sanar da ɗaliban aji biyu na sashen noma cewa darasin ranar Litinin yana nan, musamman Raƙiya ta wajen Tebaram, duk wanda ya ji ya gaya mata. Daga nan aka shiga gaisuwar barka da Salla.

“Yau kuma ɗiyar mutane kinka sa cikin cigiya tare da shanu?” in ji Alƙasum yana wasa wuƙa.

“Malam, bar ni da abin da ad damuna,” ta ce. Ya dube ta, ya ga ba ranar wasa ba ce, ya ci gaba da wasa wuƙarsa.

Sallar nan Hajaratu ba ta ji daɗinta ba. An jera raguna a layinsu, wuta na ci, maza na juya sanduna suna gardamar wanda nasa ya fi mai, jikoki na shige da fice da kayan ciki a faranti. Ita kuwa waya na ƙulle a bakin zanenta, da ta motsa sai ta kwance ta duba. Ranar Lahadi ta yi rabo, ta aika gidan surukai da maƙwabta, har ta aika wa gida ɗaya sau biyu ta manta da wani. Ɗalibai biyu sun kira ta daga Takanamat sun ce sun ji rediyo, za su biyo babur. Wannan ya ɗan kwantar mata da hankali. Ta ce a ranta, in an ji a Takanamat, ai an ji a can.

Ranar Litinin tun kafin a buɗe ɗakin gwaje-gwaje tana tsaye a baranda. Ƴan gari suka iso da ƙamshin turaren Salla. Na Takanamat suka iso fururu da ƙura. Wasu ba su zo ba, amma su suna da sauran zama a ajiye, ba abin da zai same su. Dokta Attaher ya zo, ya dube ta, ta girgiza kai. Ya daɗe a bakin ƙofa yana duba waya kamar mai wani aiki, ita kuma ta san jinkiri yake yi da gangan. Daga ƙarshe ya shiga ya rufe ƙofa.

Ranar Laraba da azahar sai ga sallama. Raƙiya ce, da lalle a hannu, fuska cike da fara'a, ta ƙara haske kamar wadda ta yi wata a gida. Ta ajiye wani kwano ɗaure da ɗankwali a kan tebur.

“Tanti, barka da Salla. Inna ta ce a kawo miki. Da hannunta ta soya. Ta ce a gode miki, ke kinka ba ta ni wagga shekara.”

Hajaratu ta dubi kwanon, ta kasa taɓa shi. “Raƙiya, ba ki kunna waya ba da kunka shigo gari?”

“Caji ya ƙare tun jiya, Tanti.”

“Rediyo fa? Ba wanda yaj ji sanarwa wajenku?”

“An ji,” in ji Raƙiya tana murmushi. “Kawuna yaz zo hal gida ran Asabar, yac ce an ambaci sunana, wai akwai karatu Litinin. Har yac ce shi kai ni bisa babur. Sai nid duba waya, nig ga babu. Nac ce mishi tsohuwar sanarwa ce, wani ya kai ta bai san an cire ba. Ai gabana kinka cire shi. Nac ce in da canji, ga kalandar Tanti za a gani.”

Da yarinyar ba ta ji ba ne, da sai a ce hanya ce, ko rashin sa'a. Amma ta ji, ga babur a ƙofar gida, ta zauna saboda ta yarda da Tanti. Hajaratu ta cire tabarau ta ajiye.

“Zamna, ɗiyata,” ta ce. Ta gaya mata komai, ba ta rage ba.

Raƙiya ba ta yi kuka a nan ba. Murmushin ne ya tafi a hankali, ta sunkuyar da kai tana kallon lallen hannunta. Hajaratu ta kama hannun, ta ja ta har ofishin Dokta, ta ce masa ita ta cire ba da izini ba, ita za a tuhuma. Dokta Attaher ya saurari labarin baburin, ya dafe goshi. Shi da kansa ya kai maganar gaban majalisar tsangaya, kuma waɗanda suka halarta sun ce ya yi magana har muryarsa ta canza. Majalisa ta ce an mayar da darasi kafin ranarsa, an sanar ta waya, an sanar ta rediyo, ɗalibar ma ta amsa cewa saƙo ya kai mata. In aka buɗe wannan ƙofa, gobe kowa zai ce wayarsa ce ba ta nuna ba. Aka yi wa Hajaratu takardar gargaɗi, aka ce Raƙiya ta maimaita aji.

Takardar gargaɗin ba ta dami Hajaratu ba, ta jefa ta cikin durowa. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne Raƙiya ba ta taɓa gaya mata baƙar magana ba. Da ta je ba ta haƙuri a ɗakin kwanan ɗalibai, cewa kawai ta yi, “Ba komi, Tanti, haka Allah ya ƙaddaro.” Ta ci gaba da gaishe ta da rusunawa kamar da. Hajaratu ta so a ce yarinyar ta zage ta ko sau ɗaya ne, da ta fi samun sauƙi.

Ƴan ajinsu suka wuce, Raƙiya ta zauna cikin ƙannenta. Hajaratu ta canza yadda take aiki. Ba ta ƙara cire rana ba sai shugaban sashe ya sa hannu, kuma in ɗalibai sun fara tafiya hutu ba ta yarda a taɓa kalanda, ko wa ya ce. Ta koma liƙa takarda a bango kamar zamanin da, ƙari a kan ta waya. Masu tsokana suka ce Tanti ta tsufa ta koma gidan jiya. Ta ce su faɗi abin da suka ga dama.

Da shekara ta zagayo, Layya ta faɗo tsakiyar mako, tepe kuma an mayar da shi Juma'a, wato washegarin rabon nama. Wannan karon Dokta Attaher ne ya zo da ƙafarsa tun ana sauran makonni, ya ce a cire ranar, ya riga ya nemo wata a madadinta. Ya sa hannu, ya buga hatimi. Hajaratu ta cire, ta liƙa takardar a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, sannan ta aika aka kira mata Raƙiya.

“Kin gani? Babu tepe ran Juma'a. Ga sa hannun Dokta, ga hatimi. Ba mai taɓa shi, na rantse miki. Ki tahi gida ki yi Salla da innarki.”

“To, Tanti. Na gode.”

Ranar Juma'ar Hajaratu ba ta da niyyar leƙa jami'a, don ba abin da ake yi. Sai da safe ta tuna ta bar maganin hawan jininta a durowa, ta ce bari ta je ta ɗauko kafin rana ta yi zafi. Harabar ba kowa, sai mai gadi yana shanya nama a igiya. Ta bi ta gaban ɗakin gwaje-gwaje don ta yanke hanya.

A kan dakalin ƙofar, ƙarƙashin takardar mai hatimi, Raƙiya na zaune. Farar rigar gwaji na ninke a cinyarta, littafi a kai. Babu lalle a hannunta.

Hajaratu ta tsaya cak. “Raƙiya! Ba ki tahi ba?”

“Ban tahi ba, Tanti.”

“Ina kinka yi Salla?”

“Nan, ɗakinmu.”

“Ban ce miki babu ba? Ba ki ga takarda bisa kanki ba?”

“Kin ce, Tanti. Na gani.” Ta gyara ninkin rigar, ba ta ɗago ba. “Na dai ce in zo in jira, ko a canza.”

Da wane baki Hajaratu za ta ce mata ba a canzawa? Ta dubi ƙofar da ke kulle, ta dubi yarinyar. Sai ta tattara zanenta, ta dafa bango, ta zauna a kan dakalin kusa da ita. Suna nan zaune har lokacin darasin ya wuce.